Keken Kaka da kwanoni ashirin da uku: littafin shirin Kirsimeti, Garwa ta Kamaru

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Da muka taso daga coci muka zauna a tsakar gida, ni da Inna da Kaka, aka yanke magana: bana hidimar Kirsimeti a wuyana take. Idon Kaka ya yi yana, tun bara zare ba ya shiga mata allura, Inna kuwa ciwon gwiwa ya hana ta taka keke. Ni da bakina na ce zan iya. Kaka ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "Kishiyata, ke da ko maɓalli sai an ɗinka miki?" Ba ta yi ƙarya sosai ba. Wata takwas na yi a shagon tela bayan na bar makaranta, na iya siket da riga mai sauƙi, ilimin nawa ke nan.

Aikin kashi biyu ne. Duk jika ko tattaɓa-kunne da bai wuce shekara 12 ba, Kaka ce ke ɗinka masa kayan Kirsimeti, haka muka buɗe ido muka gani. Bana su 11 ne, mata 6, maza 5. Sai kuma kwanonin abinci da ake kai wa maƙwabta ranar 25.

Abin da ke hannu: adashena 60,000 sefa, Kawu na Yawunde ya yi alkawarin 50,000, Yaya 20,000, Inna ta sayar da gyaɗa ta kawo 15,000. Duka 145,000. Zan riƙa rubuta komai a nan, kada Janairu ta zo a tambaye ni inda kuɗi suka shiga.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na yaye zanen da aka lulluɓe keken da shi. Singer ce baƙa, ta takawa, da ita Kaka ta tsallako daga Mubi tana amarya. Igiyar ta bushe ta tsattsage, ƙoshiya ta yi tsatsa, ƙura ta toshe haƙoran. Na ɗauko mai gyara daga babbar kasuwa, ya kwance kan, ya wanke da kananzir, ya sa sabuwar igiya da ƙoshiya. 6,500 har da kuɗin motonsa. Duk tsawon aikin Kaka na zaune a gefensa tana sauraro. Da ya taka, ta ce zaren ƙasa ya yi sako-sako. Ya duba, haka ne.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Atamfa turmi 4, kowanne 7,000. Kaka ta so ta kamfanin CICAM, wai audugarmu ce ta nan arewa, amma na ɗauki wadda kuɗina suka kai: shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Zare, roba, zif, maɓallai da allurai 4,500.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Kasuwar Pitowa. Dabarata ce, kuma ina ta alfahari da ita a mota: in sayi 'yan matasan kaji yanzu da araha, in yi kiwonsu mako shida, maimakon in jira Disamba lokacin da kaza ke ninka kuɗinta. Guda 12, kowace 2,000, kuɗin mota 2,000. Na dawo da yamma na sake su a akurkin Kaka tare da nata guda huɗu. Dusa 3,500.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Awo. Yaran da ke Garwa su bakwai aka turo bayan makaranta, na Yawunde da na Marwa kuwa iyayensu suka aiko da awo ta WhatsApp. Ni na riƙe tef, Kaka ta ce in gama wasana sannan ta auna nata. Da taƙi take awo, ta dafa kafaɗar yaro, ta bi bayansa da tafin hannu, tana tsokanar mazan: "Zo nan maigidana, bana ma ba ka kawo kuɗin cefane ba." Duk abin da na rubuta sai ta ce in ƙara yatsa uku, kalmasar ƙasa kuma in yi ta da faɗi yadda za a warware baɗi. Na ce yara yanzu ba sa son kaya burum-burum. Ta ce yaro kamar dawa yake a damina, kana barci yana tsawo.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Wanduna uku sun fita. Ɗinkin ya ɗan yi tafiyar maciji amma ba mai kwantawa ya duba. Hazo ya fara sauka.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kwana uku ban iya rubutu ba saboda takaici.

Ranar Alhamis da safe na tarar da kaji biyu sun takure a lungu, fukafukai a sake, suna gyangyaɗi. Na ɗauka sanyin hunturu ne, na jiƙa musu barkono a ruwa kamar yadda ake yi. Kafin yamma ɗaya ta mutu. Juma'a huɗu, kashinsu kore-kore, wata wuyanta ya murɗe tana kallon sama tana zagaye wuri ɗaya. Na ruga shagon maganin dabbobi. Mutumin ko gama saurarona bai yi ba ya ce ciwon nan ne da ke share kaji duk shigowar hunturu, kuma in ya riga ya shiga ba shi da magani, rigakafi ake yi tun kaji na da lafiya. Ya tambaye ni ko na ware sababbin daga na gida na mako biyu. Na yi shiru. Ya sayar mini da garin ƙarin ƙarfi na 1,500, ya ce in raba masu rai da marasa lafiya, in haƙa rami mai zurfi in binne matattun, kada in jefa a bola kare ya ja su gidan wani.

Zuwa yau, cikin 12 saura 3. Abin da ya fi ci mini rai, na Kaka ma uku sun tafi, har da wake-waken da ta yi wa 'yata alkawari tun tana ƙwai. Shekara da shekaru kajinta na nan lafiya, ni na je na sayo musu ajali da kuɗina. Na shiga ɗakinta na durƙusa ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Tashi, kishiya ai dama ɓarna take zuwa yi." Sai ta tambaya ko na gaya wa yarinyar. Ban gaya mata ba. Ta ce in bari ita za ta faɗa mata, na ji su daga baya suna ƙus-ƙus a kan tabarma.

Asara: kusan 25,000 in an haɗa da dusa. Yanzu dole akuya.

Talata, 26 ga Nuwamba

Wanduna biyar sun kammala. Na fara rigunan maza. Wuyan riga na ba ni wahala, sau biyu ina farkewa.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau na kawo maganar da na kwana biyu ina juyawa. Na ce, "Kaka, tunda kaji sun tafi, a rage kwanonin bana." Na ɗauka gida goma sha wani abu ne. Na ce ta lissafo in rubuta. Ta fara daga ƙofar gidanmu ta bi layi a kanta, gida-gida, ta ƙetare kwalta, ta shiga Yelwa, ta dawo, har wani gida a Rumde Ajiya da ban taɓa sanin da mu ake kai masa ba. Ashirin da uku. Goma sha takwas gidajen Musulmi ne: gidan liman, gidan Hajiya mai waina, gidan mai unguwa, gidan direban da ya rasu, da sauransu.

Na ce a tsaya a 12, waɗanda su ma suke aiko mana da Sallah. Na nuna gidan mahauta, na ce wannan tsohuwar ta rasu shekara nawa, 'ya'yanta ko gaisuwa ba sa zuwa.

Kaka ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce in ajiye biron. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, kuɗin ya koma rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, zare, yadi, shinkafa, magani. Masu kawo mata ɗinki suka ɗauke ƙafa. A daminar shekarar kakanmu namiji ya kwanta, bai tashi ba. Disamba ta zo tana da 'ya'ya biyar a gabanta da rabin buhun dawa. Ta riga ta gaya wa su Inna cewa bana ba kwano. Ana gobe Kirsimeti, bayan isha'i, matar mahaucin ta shigo da cinyar akuya a cikin ƙwarya da shinkafa mudu huɗu. Kaka ta ce ta gode, yara za su ci. Matar ta ce a'a, na yara daban yana zuwa da safe, wannan na kwanoni ne, don kada unguwa ta wayi gari ta ga gidan nan bai fitar da kwano ba a ce mutuwar maigida ta rushe shi. Washegari kwanon farko gidan matar aka kai, ta karɓi namanta da shinkafarta, ta ba Kawu tukwici kamar ba ta san komai ba.

Inna na bakin murhu tana ji, ba ta ɗago ba. Shekarata 31 a gidan nan, yau na fara jin labarin.

Ashirin da uku ɗin suna nan. Na rubuta su a bayan littafin nan da kwatancen kowane gida.

Talata, 3 ga Disamba

Shinkafa buhu mai kilo 50, 26,000. Na ba da 20,000, saura 6,000 sai ƙarshen wata.

Asabar, 7 ga Disamba

Wata ɓarnar kuma. An ɗauke wuta tun magariba, na ce bari in yanka rigunan 'yan mata da fitilar waya don in rage aiki. Na ninka atamfar na yanka gaba uku a tashi ɗaya. Da safe 'yata ta ɗaga ɗaya ta ce, "Mama, me ya sa tsuntsayen suke faɗowa?" Duka ukun kai a ƙasa, ƙafa a sama. Na zauna a kan tabarma kamar in yi kuka.

Na koma kasuwa, mai atamfar ya ce irin ta ƙare. Na zaga rumfa ta fi goma, na samo wata shuɗiyar mai ganye, ba ta yi daidai ba amma sun yi 'yan'uwantaka. 7,000. Kaka ta ce kada in yar da ko ƙyalle ɗaya: a juya waɗanda suka lalace a fitar da hannuwa da aljihu da ɗankwali, a wurin nan ba mai kula inda tsuntsu ya dosa. Manyan 'yan mata uku za su sa mai ganye da hannun tsuntsaye. Na san za a yi ƙorafi.

Lahadi, 8 ga Disamba

Kawu ya kira, kuɗinsa sun shigo ta Orange Money. Da ya ji labarin kaji da atamfa sai ya ce wahalar me nake sha, a Yawunde kayan yara na kanti sun cika kasuwa, da ya saya ya sako a mota an huta, tsohuwa ma ta huta. Na ce to. Inna ta karɓe wayar. Ban taɓa jin ta ɗaga wa ƙanenta murya haka ba. Ta ce ya tuna wandon da ya sa ranar da ya kai kwano gidan mahauta, daga zanen wa aka yanka shi? Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Da dare 15,000 suka ƙara shigowa, ba saƙo ba komai.

A raina dai ban ga laifinsa duka ba. Da kuɗin da na zuba a keke da yadi da gyaran kuskure, da an sayi na kanti har da canji. Kuma bayana ciwo yake.

Laraba, 11 ga Disamba

Riguna biyu. Allura ta karye sau ɗaya.

Lahadi, 15 ga Disamba

Pitowa kuma, wannan karon da Yaya, don shi ya san duba haƙori. Bunsuru matashi, an fara daga 40,000 aka tsaya a 32,000, mota 2,500. Na ɗaure shi can nesa da komai, na zama mai tsoron inuwata.

A hanyar dawowa na tsaya na saya wa Kaka turmi guda, ruwan ƙasa mai ɗigon zinariya, 9,000 daga aljihuna, ba ya cikin lissafin gida. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta sa sabon zane ranar Kirsimeti ba, kullum wankakke ne a goge.

Laraba, 18 ga Disamba

Na gama na goma sha ɗaya da ƙarfe 11 na dare. Na kai mata su a jere ta shafa, ta bi kowace kalmasa da farce, ta mayar mini da biyu. Sannan ta ce, "Ina ta baƙo?" Ashe kowace shekara takan ɗinka guda ɗaya fiye da ƙidaya, ta ajiye don yaron da Allah zai kawo. Na ce yadi ya ƙare ƙaf, kuɗi ma haka. Ta ce to.

Don in faranta mata sai na kasa haƙuri har ranar, na ɗauko turminta na ɗora mata a cinya. Ta shinshina, ta murza bakin, ta ce mai kyau ne, ta sa mini albarka har na ji kunya.

Asabar, 21 ga Disamba

Na dawo daga cefane na tarar da turmin a shimfiɗe, Inna riƙe da almakashi, Kaka na nuna mata da taƙi. Sun riga sun cire yadi biyu.

Akwai wata mata da ta kama ɗaki a bayan layinmu, daga wajen Yagwa suka zo bayan ambaliyar da ta ci gidaje a can cikin daminar bana. Tana da yarinya 'yar shekara shida da ke zuwa wasa wurin 'yata. Kaka ba ta ganin fuskarta, amma ta taɓa kafaɗarta ta ji rigar.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Kaka, abu ɗaya na taɓa saya miki a rayuwata." Ta ce ai na ba ta, ko ban ba ta ba? In nata ne, ta yi abin da ta ga dama da shi. Kuma yadi huɗu sun rage, tsohuwa guda jiki nawa gare ta? Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Bayan la'asar na fito na ɗinka rigar, kuma ita ce ta fi duk sauran kyau, don hannuna ya riga ya faɗa. Har yanzu da sauran haushi.

Cefane: man girki na Diamaor lita 5, tumatir, albasa, attarugu, kayan ƙamshi da folere (yakuwa), 16,500. Fulawa da sukari 8,000. Itace 4,000.

Litinin, 23 ga Disamba

Cincin tun safe, mu biyar a kan tabarma. Su Kawu sun iso da yamma, jirgin ƙasa na dare zuwa Ngawundare, daga nan mota, yara sun yi futu-futu da ƙura. 'Yan Marwa gobe. 'Yata ta fasa asusunta, 2,350, ta ce alawa za a saya a ɗora a kan murfin kowane kwano. Ba wanda ya sa ta. Na so in ce ta riƙe abinta, Inna ta harare ni.

Talata, 24 ga Disamba

Malam na gidan liman ya zo da hantsi ya yanka bunsurun da kaji ukun da suka tsira. Haka ake yi tun zamanin kakanmu, don kowa ya ci hankali kwance, tukwanen kuma ba a taɓa dafa wani abu da zai sa maƙwabci shakka a cikinsu ba. Kazar Kaka guda ɗaya da ta rage an bar ta, ta zama ta 'yata.

Da dare kafin a tafi coci Kaka ta sa aka ɗauko Littafi Mai Tsarki nata na Hausa, wanda bangonsa ya sha ɗinki. A cocinmu da Fulatanci da Faransanci ake sujada, amma Luka sura 2 a gidan nan da Hausa ake karanta ta. Bana ɗan Kawu aka ba, ɗan makarantar Faransanci, yana ta tuntuɓe da ƙ da ɗ, Kaka na gyara masa da ka, tana riga shi zuwa ƙarshen aya.

Laraba, 25 ga Disamba

An ɗora tukunya ƙarfe 4 na asuba. Kwanon farko ya fita ƙarfe 9, gidan mahauta, Kawu ya ce shi zai kai, da babbar rigarsa da komai. Ya daɗe bai dawo ba.

Sauran yara suka raba, bibbiyu, cikin shuɗin kaya, na Rumde Ajiya kuma Yaya ya kai a moto. Wandon auta ya yi masa yawa har sai da aka naɗe. 'Yan mata ukun da na ji wa tsoro su suka fi kowa yanga, wai nasu kala biyu ne. Yarinyar Yagwa ta bi su da rigarta, uwar ta zo ta tsaya a bakin zaure ta rasa abin faɗa, Inna ta jawo ta ciki ta miƙa mata ludayi.

Nama ya gaza a kwano na 20. Na rage yanka ɗaya-ɗaya daga na gida na cike. Mu manya da romo muka ci tamu shinkafar, Kaka ta sa ragowar yadi huɗun, zane da kallabi, tana zaune a ƙofar ɗaki tana tambayar duk yaron da ya dawo, "Wa ka tarar? Me aka ce?"

Juma'a, 27 ga Disamba

Kwanoni 21 sun dawo. Wasu da gyaɗa, wasu da dabino, Hajiya ta ciko nata da waina, na gidan mahauta da kilishi a naɗe cikin takarda. Biyu ba su dawo ba, Kaka ta ce kada a je tambaya. Tukwicin yara ya tashi 6,000 da 'yan kai, sun kwana suna faɗan rabo.

Lahadi, 29 ga Disamba

Lissafi: an kashe 166,000, an samu 160,000. Bashin mai shinkafa 6,000, zan biya ranar Talata.

Kawu ya ce ba zai koma ba sai an kai Kaka asibiti an duba yanar idon, an ce aiki ne da ake yi a sallami mutum ba da daɗewa ba. Ita kuma ta ce in ido ya buɗe za ta karɓe kekenta, ta gaji da ganin kishiya na lalata mata yadi, ko da yake ba ganin take ba.

Abin da ke gaba: rigakafin kaji tun Oktoba, sababbi kuma a ware su. Adashen baɗi in nemi kwasar Nuwamba. In koma wurin telan da na baro ya koya mini wuyan riga. Azumi zai kama wajen farkon Maris, Hajiya ta riga ta aiko tambaya ko zan ɗinka wa jikokinta uku kayan Sallah, ban ba ta amsa ba tukuna. Na sa wa keken mai, na lulluɓe shi. Ragowar ƙyallayen tsuntsaye suna cikin leda a ƙarƙashinsa, 'yata ta ce nata ne.